Sai Mun Ji Murya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, uban wannan taro. Allah gafarta Malam Liman, da malaman da ke zaune dama da hagunsa. Magajiya, uwar matan Zango, wadda ta riƙo hannuna ta kawo ni gaban nan. Iyayenmu masu gidajen baƙi, da fatake 'yan goro, da mahauta, da masu dako. Iyayenmu mata da ke zaune bayan zana. Hausawa da Moshi, Zabarmawa da Wangara, Fulani da Dagomba, da duk wanda Allah Ya kawo shi Kumasi Ya haɗa mu cikin Zango ɗaya. Yayyena da ƙannena da ke tsaye a gindin mangwaro. Ina yi muku sallama, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Sahadatu, 'yar Issaka maɗinki. Shekarata goma sha huɗu. Ban taɓa magana a gaban manya ba, shi ya sa na rubuta abin da zan faɗa a takarda, don kada tsoro ya kwashe mini shi. In muryata ta yi ƙasa, a yi haƙuri a gaya mini, zan ɗaga.

Ina godiya ga Mai Unguwa da ya ce a ji ta bakin yara. Ina godiya ga Magajiya da ta tsaya mana. Ina kuma godiya ga Baba Sulemana, mahaifin ƙawata Hadijatu, da ya yarda ya zauna ya saurare ni, alhali ya san ba abin da yake so zan faɗa ba.

Ga abin da ya tara mu. Ranar Juma'ar da ta wuce, Baba Sulemana ya roƙi Mai Unguwa ya hana zagayen safe da mu 'yan mata muke yi a ƙofofin tsofaffi da marasa kowa. Ya ce zagayen ne ya ci masa 'ya, kuma ba ya so wani uba ya ɗanɗana abin da ya ɗanɗana. Mai Unguwa ya ce maganar ƙarshe tana bakin wanda ya yi rashi, amma kafin a yanke, a bar ɗaya daga cikinmu ta yi bayani. Mu takwas muka rage, sauran bakwai suka ce ni. To yau za a yanke: ko gobe da safe mu fita, ko mu ajiye ƙorenmu.

Da yawanku sun gudu ƙauye lokacin annoba, ba su daɗe da dawowa ba, ba su ga farkon abin ba. Don haka maganata ta farko ita ce yadda zagayen ya samo asali.

Kun tuna yadda ɓeraye suka fara fitowa da rana tsaka, suna tangaɗi a tsakar gida, suna faɗuwa a gindin randa. Kun tuna yadda zazzaɓi ya biyo baya, da kaluluwa a hammata da matsematsi, mutum ya kwanta Litinin a binne shi Alhamis. Kun tuna 'yan tankas, ma'aikatan tsaftar gari, da likitansu, yadda suke ɗaura igiya a ƙofar gida, su kwashe marasa lafiya zuwa sansani a bayan gari, wani ɗakin ma su cinna masa wuta. Wanda ke da ƙafa ya gudu. Wasu suka yi Dichemso, wasu suka yi gonakin Kwadaso, wasu suka kama hanyar arewa. Ban zo in zargi kowa ba, tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. Amma wanda ba shi da ƙafa bai gudu ba. Tsohuwa ba ta gudu ba, makaho bai gudu ba, baƙon da bai san kowa a ƙauye ba bai gudu ba. Aka bar su a bayan ƙofofi.

Mu 'yan tallan koko ne. Tun muna ƙanana muke zaga lungunan nan kowace safiya, mun san wanda yake sha da ƙosai, mun san wanda yake sha gaya. Da annoba ta zo talla ya mutu. Wata safiya ni da Hadijatu muna dawowa daga rijiyar masallaci, muka bi ta ƙofar Mma Hajaratu, tsohuwar nan makauniya da ke zaune can kusa da Magajiya. Muka tarar da ita a dokin ƙofa, ta jawo randarta, ta zura hannu har kafaɗa tana shafo danshin gindin randar tana lasa. Jikanta da ke ɗebo mata ruwa an tafi da shi sansani kwana biyu ke nan.

Ta ji motsinmu ta ce, "Wane ne? In mutum ne a ba ni ruwa, in Mala'ikan mutuwa ne a jira in sha tukuna."

Hadijatu ta ce, "Mma, Mala'ikan mutuwa ya yi aiki ya gaji, mu ya aiko da tulu." Ta juyo gare ni ta ce, "Ke Bebiya, sauke mata mana, kin tsaya kamar turmi."

Bebiya take kirana, don ba na magana. Na sauke tulun. Mma ta sha har ruwa yana zuba a wuyanta. A hanyar gida Hadijatu ta ce, "Ƙofa nawa ke nan irin wannan?" Muka ƙirga da yatsu, yatsunmu suka ƙare, ƙofofin ba su ƙare ba.

Muka je wa Magajiya da maganar. Ita ta bi gidajen da suka rage tana karɓar gero tafi ɗaya-ɗaya. Mame Afuwa, Ba'asantiyar nan mai sayar da ayaba a bakin kasuwa, ko Hausa ba ta ji sosai, amma kullum sai ta ajiye mana nono ɗaya na ayaba ta ce na tsofaffi ne. Muka haɗu mu tara. Magajiya ta kafa mana doka: kada mu shiga ɗakin kowa, kada mu taɓa ɓera ko da sanda, mu wanke ƙafa da hannu da toka in mun dawo. Mu ajiye ƙwaryar koko da ta ruwa a ƙofa, mu wuce. Hadijatu kuma ta ƙaro dabara: wanda ya sha ya kife ƙwaryar. In mun zo washegari muka gan ta a kife, mun san mai ɗakin yana da rai. Muka ji daɗin dabarar nan ƙwarai, don ta hutar da mu tsayawa.

Magana ta biyu ita ce mafi nauyi a bakina, don kuskure ne, kuma nawa ne. Na faɗa wa Magajiya, na faɗa wa iyayena, amma ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba.

A bayan rumfar goro akwai jerin ɗakunan 'yan dako. Duk sun watse sai mutum ɗaya, Garuba, Bamoshe, mai ɗaukar huhun goro zuwa tashar jirgi. Ba shi da mata, ba shi da dangi a garin nan. Aka ce ba a gan shi ba kwana biyu, sai aka sa ƙofarsa a zagaye, lungun kuma ya faɗo a rabona. Iyayena, kun san tarbiyyar da kuka ba mu. Budurwa ba ta tsayawa a ƙofar gwauro, ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaga murya a wurin. Ni kuwa ko a ƙofar kakata ba na ɗaga murya. Sai in zo a hankali, in ajiye ƙore, in ja gyalena, in bar wurin da sauri.

Safiya ta farko da na koma, ƙwaryar koko a kife, an sha tas. Na ce alhamdu lillahi. Safiya ta biyu a kife. Safiya ta uku a kife, ta ruwan ma a kife. Da Magajiya ta tambaye ni, "Yaya Garuba?" na ce, "Yana ci, Mma, har lashe ƙwarya yake." Da bakina na faɗa.

Safiya ta huɗu, bayan na ajiye, na tuna na bar ganwona a wurin, na koma. Sai na tarar da tunkiya. Tunkiyar mai gidan ce da ya gudu ya bar ta tana yawo. Ta zura kai cikin ƙwaryar tana sha, da ta gama ta sa ƙafa ta ture, ƙwaryar ta kife. Ta matsa ga ta ruwan, ta yi mata haka nan.

Ban san lokacin da na isa mahauta ba. Baba Musah mahauci shi ya zo ya ɓalle ƙofar da gatari. Garuba yana kwance a bayan ƙofa, hannunsa a miƙe wajen sakata, leɓɓansa sun tsattsage. Tsakaninsa da ruwan da nake ajiyewa, katako ɗaya ne. Yana da sauran numfashi. Baba Musah ya ɗiga masa ruwa a baki. Ya buɗe ido ya gan ni a waje, ya ce da irin Hausarsa, "Yarinya, ni ji ƙafa naka kullum. Kai ba sallama. Ni kira, murya babu. Kai ba sallama."

Bai kai la'asar ba. Mai taimakon likita ya duba shi ya ce babu kaluluwa ko ɗaya a jikinsa. Ba annoba ba ce. Zazzaɓi ne ya kayar da shi, ƙishirwa ta ƙarasa. Da na tsaya, da na yi sallama, da na kasa kunne ko kaɗan, da na ji shi yana karce ƙofa. Allah Ya jiƙan Garuba, Allah Ya yafe mini.

Na ce na daina fita. Na shige ɗaki na juya wa bango fuska. Hadijatu ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Tashi. Kunyarki da dabarata sun haɗu sun kashe mutum ɗaya, ya isa. Ni na ƙirƙiro kifin ƙwarya, ni zan soke shi. Daga yau ba ruwanmu da ƙwarya, kife take ko a zaune. Sai mun ji murya."

Na ce, "Ni ba zan iya kiran namiji a ƙofa ba."

Ta ce, "To ki kira shi a makara, can ba kunya."

Na tashi. Tun daga ranar dokarmu ta zama ɗaya, kowa a Zangon nan ya ji ta: ba ma barin ƙofa sai mun ji murya. Musulmi mu yi masa sallama, wanda ba ya jin sallama mu ce masa ago, yadda mutanen Asante suke yi, sai ya amsa. Ko tari ne, ko nishi ne, ko faɗa ne, in dai daga bakin mai ɗakin ya fito, mun karɓa. In muka kira har sau bakwai shiru, ɗaya ta tsaya, ɗaya ta ruga ta kira manya.

Daga ranar zuwa yau, sau bakwai muka ji shiru. Uku mun makara. Huɗu suna cikin taron nan. Baba Munkaila mai gyaran takalma, ga shi can ya ɗaga sandarsa, yana cikinsu. An fito da shi ba ya gane kowa, yau shi ne yake yi mana tsiya cewa kokonmu ruwa-ruwa ne.

Magana ta uku ita ce abin da aikin nan ya yi mana mu yara, don na ji wasu iyaye suna cewa, tsofaffi sun amfana, yara kuma me suka samu ban da wahala da haɗari?

Iyayena, ku tuna yadda gidajenmu suke a watannin nan. Makarantar allo a rufe, kasuwa a rufe, dandali ba kowa. Yaro yana zaune a ɗaki, ba abin da yake ji sai kuka ta katanga, ba abin da yake gani sai makara tana wucewa. Manya suna da abin yi, suna wanka, suna haƙa, suna sallar gawa. Yaro ba shi da komai sai jira. Na ga yaran da suka yi jiran nan. Wasu har yau ba sa barci, wasu har yau in an buga ƙofa sai su shige ƙarƙashin gado. Mu ma mun ji tsoro, ba zan ɓoye ba, har amai wasunmu suka yi don tsoro. Amma mu tsoronmu yana da aiki. In gari ya waye akwai gero da za a niƙa, akwai tulu da za a cika, akwai wanda yake kasa kunne yana jiran ƙafarmu. Wanda ake jira ba ya samun sukunin kwanciya ya mutu da fargaba.

Mun koyi sanin mutane. Da can ni ban san Baba Munkaila yana da suna ba, mai takalma kawai nake ce masa. Ban san Mma Hajaratu ta taka daga Salga zuwa nan da goyo a baya ba. Yanzu na iya gaisuwa da Moshanci da Zabarmanci da yaren Asante, don mutumin da zazzaɓi ya kama yakan manta Hausar da ya koya, ya koma harshen uwarsa, in ba ka gaishe shi da shi ba ba zai amsa ba.

Mun koyi riƙe alkawari ba tare da an tsare mu da bulala ba. Ba wanda ya tashe mu, ba wanda ya tilasta mana, ruwan sama ya doke mu, taɓo ya kama mana ƙafa, amma ba safiyar da aka ce wata ƙofa ta kwana ba a je ba.

Mun kuma koyi faɗin kuskure. Da a tallan koko ne, in na zubar da ƙwarya sai in ce wani ne ya ture ni. A aikin nan na gane in na rufe kuskurena, gobe wata za ta maimaita shi a kan wani Garuban. Ni da ake kira Bebiya, yau ga ni a gabanku. Ba wani malami ne ya buɗe mini baki ba, ƙofofin nan ne.

Magana ta huɗu ita ce Hadijatu. Baba, ka yi haƙuri, dole in ambace ta.

Ranar Talata ta ce kanta yana ciwo, amma ta gama lungunta. Laraba ba ta fito ba. Alhamis aka ɗaura igiya a ƙofarku, aka tafi da ita da mahaifiyarta sansani. Ba wadda ta dawo a cikinsu.

Baba ya ce a zagaye ta ɗauko ciwon. Ba zan rantse in ce ba haka ba ne, don ban sani ba, kuma ba zan yi ƙarya a gaban Liman don in ci magana ba. Mai yiwuwa ne. Abin da na sani shi ne, ƙanwata Barkisu, shekararta shida, tun da annoba ta fara Inna ba ta bar ta ta leƙa ko zaure ba, kuma a gadonmu ciwon ya same ta, muka binne ta kwana tara kafin Hadijatu. Ciwon nan ya ci wanda ya fita, ya ci wanda ya zauna. Ba ina cewa rashinmu ya kai naka ba, Baba. Mu an bar mana juna, kai an bar ka kai kaɗai.

Ranar da aka kai su, na bi bayansu har shingen sansani. Mai gadi ya hana ni matsawa. Hadijatu tana kwance a kan tabarma kusa da shingen, ta gan ni. Muryarta ta dushe, amma na ji. Ta ce, "Bebiya, ɗaga murya in ji ko kin iya." Na yi mata sallama da ƙarfi har mai gadi ya juyo. Ta ce, "Yauwa. To ki sa ƙofar Baba a zagaye. Shi ba ya faɗin yunwa." Ita ce maganar ƙarshe da na ji daga bakinta.

Bayan an binne su, Baba ya shiga ɗakinsa ya sa sakata. Ba ciwo yake ba, kowa ya sani. Abokansa suka je suka yi kira, shiru, suka ce a bar shi ya huce. Malamai suka je suka yi nasiha ta bayan ƙofa, shiru, suka ce a bar shi da Allah. Kowa ya ji nauyinsa, kowa ya ba shi wuri, kamar yadda na ba Garuba wuri.

Na je da ƙorena. Na yi sallama sau bakwai, shiru. A dokarmu sai a kira Baba Musah da gatari, amma na kasa sa a ɓalle ƙofar uban Hadijatu. Sai na ci gaba. Na yi sallama har rana ta fito sosai, na yi sallama har koko ya huce, na yi sallama har muryata ta fara shaƙewa. Wajen hantsi sai na ji daga ciki, "Ke wace irin yarinya ce mara kunya? Tafi ki ba ni wuri!"

Jama'a, ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Na koma na ce wa Magajiya, "Ya amsa." Ta ce, "Me ya ce?" Na ce, "Ya ce ba ni da kunya." Ta ce, "To alhamdu lillahi, gobe ma ki je ki rasa ta."

Kwana goma sha ɗaya ina zuwa, kwana goma sha ɗaya Baba yana kora ta. Wata rana ya ce zai haɗa ni da ubana, wata rana ya ce mu ne muka kashe masa 'ya. Na tsaya na ji, don ko wannan murya ce. Kuma ban bar ƙoren a ƙasa ba, ina riƙe da su a hannu, sai na ga ƙofa ta ɗan buɗe, hannu ya fito ya karɓa. A rana ta goma sha biyu ya fito ya tafi masallaci.

Baba, ban faɗi wannan don in yi maka gori ba, Allah Ya sani. Ba ni ce na tsaya a ƙofarka ba. Ni da kaina da tuni na gudu tun tsawar farko. Dokar 'yarka ce ta tsaya, ni ƙafa kawai na ara mata.

Yanzu ga roƙonmu. An ce annoba ta lafa, mun gode Allah. Amma an kuma ce za a rushe tsohon Zangon nan, a mayar da mu sabon wurin da ake ginawa. Can maƙwabcin jiya ba shi ne maƙwabcin gobe ba. Wanda ya saba jin tarin tsoho ta katanga zai koma wani layi, tsohon kuma zai faɗa tsakanin mutanen da ba su san yana tari ba. Yau ƙofa goma sha tara muke zuwa. A cikinsu akwai makafi uku, akwai tsofaffi shida da 'ya'yansu suka mutu a watannin nan, akwai baƙin da har yau ba wanda ya zo nemansu. In aka hana mu, ba za mu saɓa ba, mu 'ya'yanku ne. Amma ina roƙo da girman Allah, kafin a watse, a faɗi sunan wanda zai tsaya a ƙofar Mma Hajaratu gobe, a faɗi sunan wanda zai tsaya a ƙofar Baba Munkaila jibi. Manya kuna da kasuwa, kuna da gini, kuna da iyali. Mu muna da safiya, muna da ƙafa, mun kuma san ƙofofin.

In an bar mu, mun yarda da duk sharaɗin da aka sa. Kada yarinya ta fita sai da yardar uwarta da ubanta. Kada mu fita sai gari ya waye tangaram. Babbar mace ɗaya ta riƙa bin mu. In wani ciwo ya sake ɓulla, mu tsaya sai an ba mu izini. Kuma a bar ƙannenmu su riƙa shiga, don mu wata rana za mu girma mu bar zagayen, kada ya ƙare a kanmu.

Abin da na rubuta ya ƙare a nan. Saura abu ɗaya da ba ya cikin takarda.

Baba Sulemana, wannan ƙwaryar Hadijatu ce. Ga inda ta tsage ta ɗinke da zare baƙi, ka san ɗinkinta. Tun ranar Talatar nan tana wurina, na kasa kawo maka. Ga ta na ajiye a gabanka, taka ce, duk abin da ka yanke. Ƙawayena sun ce in roƙe ka, in ka hana ka kife ta, in ka yarda ka bar ta a zaune, don kada a wahalar da kai da magana. Na ce musu a'a. Mun daina karanta ƙwarya tun ranar Garuba. Ko hani ne, ko faɗa ne, da bakinka muke so mu ji. Don haka zan yi abin da na saba, kuma jama'a ku yi mini haƙuri, ba zan zauna ba sai an amsa.

Salamu alaikum, Baba.

Salamu alaikum, Baba Sulemana.

Salamu alaikum, Baban Hadijatu.

Alhamdu lillahi. Magajiya ta ce na baya ba su ji ba, in maimaita. Baba ya amsa sallama. Ya ɗauki ƙwaryar ya sa a cinyarsa. Ya ce ita ba zai bayar ba, mu nemi wata. Ya ce kokon da muke kaiwa ba citta, na Hadijatu ya fi namu, in za mu zo gobe mu gyara. Kuma ya ce mu fara da ƙofarsa, don shi zai bi mu da sanda saboda tumaki.

Mun ji, Baba. Za mu sa citta.

Allah Ya jiƙan Hadijatu da mahaifiyarta, Ya jiƙan Barkisu, Ya jiƙan Garuba da duk baƙon da aka binne a ƙasar nan ba tare da danginsa sun sani ba. Allah Ya sanyaya zuciyar Baba Sulemana da ta duk wanda ya yi rashi. Allah Ya ɗauke mana annoba, kada Ya maimaita mana. Allah Ya ja zamanin Mai Unguwa, Ya ƙara wa Liman da Magajiya lafiya, Ya saka wa Mame Afuwa da alheri. Allah Ya sa sabon wurin da za mu koma ya karɓe mu lafiya, Ya sa kada wani a cikinmu ya kira daga bayan ƙofa a rasa mai ji. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.